Ranar da Muka Je Kwashe Kayan Likita

Ni 'yar Gwandu ce, aure ya kai ni Kalgo, zafin zuciyar maigidana kuma ya kai ni Ankara. Ankara tamu nake nufi, ta bakin teku, can bayan Gwanja da Kumasi, inda mutanenmu ke zuwa neman goro su ɓige da zama.

Maigidana mahauci ne, babban ɗan Sarkin Pawan Kalgo. Da tsohon ya rasu kowa ya ɗauka rawanin nasa ne, ni kaina har na fara canza tafiya. Sai hakimi ya naɗa ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk Kalgo ba wanda ya kai maigidana iya fiɗa, amma bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Ƙanen kuwa mutum ne mai sanyi, ko Bafillatanin da aka yi wa tayin wulaƙanci a kan saniyarsa, in ya zauna da shi sai ya tashi yana dariya. Ran naɗin, ana kiɗan kalangu a ƙofar gida, nawa mutumin yana ɗaki yana naɗe wuƙaƙensa cikin fata. A gabana ya rantse da Allah cewa ba zai sake kwana a Kalgo ba muddin rawanin nan na kan ƙanensa.

Kada ku ga laifinsa da yawa. A zamaninmu abin da muka sani ke nan, wanda ya nemi sarauta ya rasa tashi yake yi. Tun ina yarinya, shekarun da Turawa suka shigo, ba abin da muke ji sai an tuɓe wane an kai shi wata ƙasa, wane ya nema bai samu ba ya kwashi mutanensa ya je ya kafa tunga. Ba wanda ya taɓa gaya mana mutum na iya faɗuwa ya wayi gari a gidansa.

Abin da ya hana ni yafe wannan tafiya shi ne ɗiyata. A lokacin ita kaɗai gare ni, kuma an kai ta yaye wurin Inna a Gwandu, yadda aka saba, da niyyar in ta manta nono a maido ta. Ayarin fatake na tashi daga Jega bai jiran kowa. Maigida ya ce tafiyar ba ta yara ba ce, in mun samu wurin zama sai a aiko a ɗauke ta. Muka bi ta Illo, muka ratsa Bargu, ƙirjina na tsatstsafo da nono yana jiƙa min zane. Ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ni faɗi, balle a ji ina kuka a kanta.

A Ankara muka kama ɗaki a Zango, gidan wani tsohon Bakatsine da ya yi arzikin goro ya gina. Maigida ya shiga mahauta, hannunsa ya ci da shi nan da nan, ni kuma na kafa tanda ina waina da koko. Ba mu yi yunwa ba, gaskiya. Amma shekara ta bi shekara, maganar aikawa a ɗauko yarinya ta zama sai baɗi. Duk bafataken da na ji daga wajenmu ya fito, ko na Kambaza ne ko na Diggi, sai na cika masa akushi da waina in zauna ina zagaye-zagaye. In tambayi lafiyar Inna, in tambayi damina, in tambayi har akuyar gidanmu, ina jiran Allah ya sa ya ambaci yarinyar da kansa. Wani ya ce ta yi wayo. Wani ya ce ya gan ta da ɗan tulu a hanyar rijiya. Ranar nan na ƙona waina ta fi tanda biyu, don na bar ta ba ta ko iya tafiya sosai ba. Ina son komawa gida kamar in yi hauka, kuma ba halin in faɗa, saboda da na fara sai ya ce, "Ke 'yar Gwandu, kin manta na rantse?"

A cikin gidajen da yake kai nama akwai na wani likita ɗan garin, baƙar fata kamarmu, da ya yi karatu a ƙasar Turawa. Ya taɓa aiki a asibitin soja, can ya tsinci Hausa irin ta bariki, mai ban dariya amma ana fahimta. Wata rana wuƙa ta zame ta tsaga wa maigida tafin hannu, ya kumbura har muka fara tunanin za a yanke. Likitan nan ya ɗinke, ya yi ta wankewa har hannun ya dawo. Tun daga nan maigida ya ɗauke shi ubangida. Tsokar da ta fi kowace kyau gidansa take zuwa, kuma ba mai zagin likita a gabansa ya kwashe lafiya.

Wata safiya ina cikin suya sai na ji ganguna da ƙahoni suna tahowa, ga mutane rututu da jajayen ƙyallaye ɗaure a ka, wasu bisa mota suna ihu. Ni da na girma da labarin yaƙi a bakin Inna, ban tsaya tambaya ba. Na kife tandar, na bar ƙullu a nan, na shige ɗaki na danne ƙofa da turmi. Sai da tsohon Bakatsinen ya gama dariyarsa, har da tari, sannan ya ce in fito, ba yaƙi ba ne, zaɓe za a yi. Wai akwai wata majalisa da Turawa ke zama su yanke maganar gari, an ba mutanen Ankara kujera a ciki, kuma su ne za su nuna wanda zai zauna musu. Mutum biyu ke nema, wani lauya da likitanmu. Na ce to wa ke naɗawa? Ya ce ba mai naɗawa, kai ake ƙirgawa, wanda ya fi yawan mutane shi ya ci.

Abin da idona ya gani a makonnin nan, da wani ne ya ba ni labari da na ce ƙarya yake. A wajenmu mai neman sarauta sama yake duba, ya kai doki da riga inda ya kamata, ya yi shiru yana jira. Nan kuwa ƙasa suke duba. Likita da kansa, da kwat ɗinsa da takalminsa mai ƙyalli, ya shigo Zango ya cire hula, ya zauna bisa tabarma yana fama da ƙafafunsa, yana roƙon masu gidaje su tuna da shi. Lauyan ma ya zo, ya yi alkawarin famfo da gyaran kwata. Matan kasuwa masu kifi suka tsara waƙa suna zagin likita, wai wuyansa kamar na zalɓe, suna rerawa a ƙofar gidansa da rana tsaka, ba dogarin da ya taɓa su. Maigida ya dawo yana huci ya ce, "Wanga ba neman sarauta ba ne, bara ce." Duk da haka ya samo ƙyallen mutanen likita, shuɗi, ya ɗaura a rumfarsa.

Ran zaɓen na ɗauki tandata na kafa kusa da wurin, don inda mutane suka taru nan ciniki yake. Masu gidan kansu kaɗai ke da ƙuri'a, irinmu 'yan haya sai kallo. Kuma ni dai ban ga mace a layin ba, alhali mata ne suka yi waƙar, suka yi rawar, suka dafa abincin da aka yi ta rabo. Wannan ya tsaya min a rai har yau. An sha giya, an fasa wa wani kai, ba zan ce komai ya tafi lami lafiya ba. Amma na ga attajiri mai mota tsaye bayan wani tsoho mai kamun kifi da ko riga babu, yana jiran a zo kansa. Mutum ya shiga shi kaɗai, a ba shi takarda, ya sa a akwati, ya fito.

Da tsohon Bakatsinen ya fito, maigida ya tare shi ya ce, "Baba, likita ka ba ko?"

Ya ce, "Wannan tsakanina da akwatin ne."

"To wanda ya ci, ƙaƙa zai san nasa ya saka musu, ya san maƙiyansa?"

Tsohon ya ɗauki wainata ɗaya ya ce ai don kada ya sani aka yi akwatin. Maigida ya yi ta juya maganar, na ga ba ta zauna masa ba.

Kafin magariba labari ya bazu cewa lauya ya ci. Masu jan ƙyalle suka cika titi, masu shuɗi suka ɓace kamar ba a taɓa yin su ba. Maigida ya zauna a ƙofar ɗaki, tuwo ya huce a gabansa. Can ya ce, "Na san abin da ke ran likita yanzu. Ba wanda ya san shi kamar ni." Ya tashi ya je ya ari amalanke biyu da igiyoyi, ya yi magana da wasu mahauta uku. Kilishin da ya yi don sayarwa ya tattara duka ya ƙunshe, ya ce guzuri ne. Ni ma ya ce in shirya da sassafe, matar likita za ta buƙaci mai taya ta ɗaure tukwane, kuma gara su fita tun mutanen lauya ba su fara zuwa kallonsu ba. Wallahi ban ga wauta a ciki ba. Har gammo na ɗauka.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, amalanke na ƙara, garin duk tarkacen jiya. Muka tarar da likita zaune a barandarsa da rigar aiki, idanunsa jawur, ga marasa lafiya sun fara jeruwa a kan benci. Maigida ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya yi masa irin gaisuwar da ake yi a gidan mutuwa. Sannu da haƙuri, sannu da ɗaukar ƙaddara, Allah ya sa haka ta fi alheri. Ni kuwa na zarce bayan gida, na sami uwargidan tana hura wuta. Ba ta jin Hausa, ba ni jin yarensu, sai kawai na yi mata sannu na fara jera kwanoninta cikin babbar tukunya. Matar nan ta riƙe tukunyar ta gefe ɗaya, na riƙe ta ɗaya gefen, ina ce mata ta yi haƙuri, tana kwarma wa mijinta kira. Haka muka fito baranda da tukunya a tsakaninmu.

Likita ya dubi tukunya, ya dubi amalanke da igiyoyi, ya dubi ƙartin mahauta uku da ke tsaye suna jiran umarni. Ya ce, "Mai nama, mene ne wannan?"

Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, kaya muka zo ɗauka. Ka faɗi inda za a nufa, ko tashar jirgi ko bakin ruwa. Ga ɗan guzuri."

"Wa zai yi tafiya?"

"Kai mana. Ai an ba wancan."

Na ɗauka dariya zai yi, amma bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ƙunshin kilishin. Sannan ya juya ya yi wa matarsa bayani da yarensu, ta saki tukunyar ta kama baki. Ya ce cikin duk waɗanda suka yi masa rawa suka ci abincinsa, ba wanda ya leƙo shi tun jiya sai mu. Ya ce, "Ya yi zafi, mai nama. Ban yi barci ba. Amma nan gidana ne, ubana a garin nan aka binne shi. In na tafi, waɗannan fa?" Ya nuna benci. Na duba, sai ga wani mai ƙafa a kumbure, jan ƙyallen lauya na nan ɗaure a wuyan hannunsa, ko kunyar cirewa bai yi ba.

Maigida ya ce, "Har wanga za ka duba?"

"Ƙafarsa ba ta yi zaɓe ba."

"To in kun haɗu da lauyan a hanya?"

"In cire masa hula in gaishe shi. Yau da yamma ma zan je in yi masa barka, ko da ba na so. Kujerar ba ta har abada ba ce, bayan 'yan shekaru za a sake, in ina da rai in sake nema." Sannan ya tambaya da gaske, ba da ba'a ba, "A ƙasarku korar mutum ake yi in ya faɗi?"

Maigida ya buɗe baki zai amsa. Ban san lokacin da maganar ta fito daga nawa bakin ba. Na ce, "Mu dai ba wanda ya kore mu."

A gaban mahauta uku na faɗi haka, da likita, da mutanen benci. Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa tsinka shi a gaban mutane ba. Amma ban janye ba, don shekarun nan duka maganar na nan tana cina a rai. Ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Ya yi wa likita sallama, ya bar masa kilishin, muka turo amalankenmu wayam muka dawo, yaran unguwa na binmu da kallo.

Kwanaki bai yi min magana ba sai ta dole. Ya je mahauta ya dawo, ya ci tuwo ya kwanta. Na ji daga bakin matar ɗaya daga cikin mahautan cewa ya bi likita a nesa ran da ya je yi wa lauya barka, ya tsaya a tsallaken titi har ya ga sun yi musabaha, ya ga likita ya fito da ƙafarsa ya koma gida. Na kuma lura ya fara daɗewa wurin limamin Zango bayan la'asar. Ban tambaya ba, na riga na yi mai yawa.

Wata Alhamis da hantsi ya shigo da cinyar rago da buhun shinkafa rabi, ya dire a gabana. Ya ce, "Ki dafa na mutum goma, ki sa mai da kyau. Liman zai turo su." Na san abin da ake ciyar da miskinai goma dominsa, kaffarar rantsuwa ce. Na ce to. Na shiga madafa na yi kukan da ban yi ba a hanyar Bargu, albasa na gabana ko taɓa ta ban yi ba. Ban taɓa dafa abinci da daɗin rai irin na ranar ba.

Dawowa ta jirgin ruwa muka yi zuwa Ikko, na yi amai har na ce a sauke ni ko a tsakiyar teku ne. Daga nan jirgin ƙasa zuwa Zungeru, sauran kuma da ƙafa, ta Kontagora da Yawuri. Tun daga Jega na ga maigida ya rage sauri. Muna hango rimayen Kalgo ya zauna a gindin wata tsamiya ya ce ƙafarsa ke ciwo. Na zauna tare da shi har ya gaji da zaman ya tashi.

Labari ya riga mu shiga. Sarkin Pawa ya fito ƙofar gida ba takalmi, ya yi furfura fiye da yayansa. Maigida ya tuɓe nasa takalmin zai durƙusa, kamar yadda kowane mahauci ke yi wa sarkinsa, ƙanen kuma ya riga shi kai gwiwa ƙasa yana cewa, "Yaya, kada ka yi min haka." Suka tsaya a durƙushe su biyu, kowa na jiran ɗaya ya fara tashi, har wata tsohuwa ta ce in sun gama a ba baƙi ruwa. Da na shiga cikin gida na tarar da ɗakinmu da sabuwar baibaya. Matar sarkin ta ce kowace shekara sai ya sa an sake ta, ba ya bari kowa ya kwana ciki. Ran kasuwa maigida ya yanka sa, ya yanki rabon sarki da hannunsa ya kai. Ya dawo yana ƙunƙuni cewa mahautan Kalgo sun lalace, ba wanda ya iya fiɗa, daga nan na san ya zauna ke nan.

Ban jira na huta ba na kama hanyar Gwandu. Inna ta tsufa ƙwarai, sai da na yi magana ta gane ni. Muna cikin gaisuwa a tsakar gida wata yarinya doguwa ta shigo da tulu a ka, ta sauke, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ake gaida baƙuwa, ta kawo min ruwa a ƙwarya tana kallon ƙasa. Goshin ubanta ne sak. Na karɓi ƙwaryar na sha. Ina son in jawo ta jikina, kunya da idon Inna suka hana ni, sai na ce ruwan da sanyi.

Inna ta ce mata, "Ke, mutanen Ankara ne." Yarinyar ta ce ta sani. Ƙunshin kayana na nan a zaure inda na ajiye shi. Ta tsaya jikin rumbu tana murza bakin zanenta, can ta tambayi Inna, ba ni ba, da ƙaramar murya, "Yaushe za su koma?"

Na amsa da kaina. Na ce, "Ba mu komawa."

Ba ta ko dube ni ba. Ta fita zaure, ta dawo da ƙunshin nan a ka, ya fi ƙarfinta tana tangaɗi, ta wuce ɗakin baƙi ta kai shi ɗakin da take kwana.